Uban Aro

"Kai wane ne nasa?" in ji babbar nas ɗin, ta tokare ƙofar da hannu ɗaya.

Mai Guga ya tsaya yana haki. Masu tura gado sun riga sun shige da yaron, shi kuwa an bar shi a bakin ƙofa da takalmi wari ɗaya, gaban rigarsa jage-jage da jinin da ba nasa ba. Ya leƙa ta ƙarƙashin hannunta, bai hango komai ba sai tafin ƙafar yaron yana ƙara nisa.

"Malam, da kai nake. Dangi na jini kaɗai ke shiga ɗakin nan. Kowane gado kati ɗaya, kujera ɗaya. In kai ba kowa ba ne, koma waje ka bi layin masu ba da jini."

Gaskiyar magana, Mai Guga ba kowa ba ne. Shagonsa na wanki da guga yana jikin katangar jami'a, tsakanin mai fotokwafi da mai aski, kuma abin da ya haɗa shi da yaron bai wuce farar riga guda ba. Kullum da yamma yaron zai kawo ta, ya tsaya masa a ka yana gardama wai karin hannun bai miƙe ba, har 'yan layin shagunan suka laƙaba masa suna Lauya. Aka yi dace kuwa lauyancin yake karantawa.

Da safiyar nan aka ji harbi daga cikin jami'a. Ɗalibai suka yo waje a guje, wasu ba takalmi, wasu ba jaka, Mai Guga ya cusa iya waɗanda shagonsa zai ɗauka ya ja ƙofa. Da abin ya lafa, aka ce 'yan sanda sun kama mai bindigar, sai ga abokan Lauya sun kinkimo shi, harsashi ya shige shi a gefen ciki. Mai Guga ne ya toshe raunin da zanin gadon wani malami da ya gama gogewa, shi ne kuma ya faɗa motar tare da shi. A hanya yaron ya damƙe masa hannu ya ce, "Baba Mai Guga, kada ka bar ni ni kaɗai. Gidanmu da nisa." Shi kuwa ya ce, "Duk inda za su kai ka, in ka buɗe ido za ka gan ni."

Alkawarin da ya ɗauka ke nan, ga shi tun ba a je ko'ina ba wata mata mai farin takalmi ta tsaya tsakaninsa da cika shi.

"Ni ne ubansa," in ji Mai Guga.

Shi kansa sai da ya ɗan waiwaya, ko wani ne ya faɗa a bayansa.

Sista, haka kowa ke kiranta a asibitin, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Sunansa?"

Nan fa ake yin ta. Mai Guga ya san faɗin wuyan yaron, ya san maɓallinsa na uku ba irin sauran ba ne, ya san yana da mugun halin sa biro a aljihu ba murfi. Amma suna, ko da wasa bai taɓa tambaya ba.

"A gida Lauya muke ce masa."

"Na makaranta nake tambaya."

"Haba Sista! Mutum ɗansa na kwance jini na zuba, shi za ki zaunar ki yi wa jarrabawa? Ko nawa sunan kika tambaye ni yanzu sai na yi tunani."

Ta ciro katin makarantar da aka samu a aljihun yaron, ta karanto wani dogon suna mai hawa uku.

"Shi ne," in ji Mai Guga. "Ni na zaɓa masa da kaina."

"Shekarunsa nawa?"

"Uwarsa ce ke riƙe irin waɗannan."

Sista ta sake duban katin makarantar, ta dube shi. Sannan ta ɗauko wani kati mai igiya ta rataya masa a wuya. "Ni abin da aka faɗa mini da baki shi na sani. Amma duk wanda ya ce mini shi ba dangi ba ne, ko ya ce yana ganin kamar, waje zai yi. Ka ji ko? An shiga da shi tiyata. Ga gadonsa can kusa da taga, je ka zauna."

Ɗakin dogo ne, gadaje jere a gefe biyu, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. Rabin gadajen ɗalibai ne, wasu da bandeji a kafaɗa, wasu a ƙafa, wani kuma ba harbi ya same shi ba, ta taga ya diro ya karye. Kusan duka kujerun da ke gefensu babu kowa a kai, domin yawancin yaran daga nesa suke, iyayensu ko dai suna hanya ko ba su ma ji ba tukuna. Mai Guga ya zauna kusa da gadon da ba kowa, ya ga zanin ya ɗan tattare a gefe, ya miƙa hannu ya gyara shi.

Bai jima da zama ba sai ya ji wata murya da ya sani tana tashi daga ƙofa.

"Ku ba ni hanya! Ni ne uban Lauya! Ɗana na ciki!"

Ya fito ya tarar da Mai Fotokwafi, gajere mai tumbi, yana dukan ƙirji a gaban Mai Gadin ɗakin, wani ƙaton mutum mai sanda da fuska ba wasa. Kafin ya yi masa alama da ido, sai ga Mai Aski ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren, da tawul ɗin aikinsa har yanzu a kafaɗa.

"Ina ɗana? An ce an kawo shi nan. Dogo, mai farar riga, ni ne uban..." Ya hangi maƙwabtansa biyu, maganar ta maƙale masa.

Abin da ya faru shi ne, labari ya kai layin shaguna cewa dangi na jini kaɗai ake bari. Maimakon su zauna su raba aiki, kowa ya rufe shagonsa a ɓoye ya kamo hanya, yana ganin shi kaɗai dabarar ta zo wa. Mutanen da ba su taɓa yarda a kan wanda zai share kwatar gabansu ba, yau duk sun haɗu a kan ƙarya iri ɗaya.

Sista ta iso tana goge hannu. "Yaron nan uba nawa gare shi?"

Mai Fotokwafi ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa.

"Ruɗewa ce, Sista," in ji Mai Guga. "Kin san tashin hankali. Yaran duk kama suke yi."

Ta dube su, ta juya ta dubi kujerun da ba kowa. "To, da yake ruɗewa ce, akwai yaro a gado na kusa da nasa, tun da aka kawo shi yake kuka ba wanda ya zo masa. Kai mai tumbi, duba da kyau. Ko shi ne naka?"

Mai Fotokwafi ya leƙa. Yaron dogo ne siriri, ko a mafarki ba su yi kama ba.

"Shi ne!" Ya ɗora hannu a ka. "Ɗana! Wa ya yi maka haka?"

"Ni ma ina jin nawa ne wancan mai karaya," in ji Mai Aski.

"Kana ji, ko naka ne?"

"Nawa ne. Ga kan nan, ni nake aske shi tun yana..." ya yi tari, "tun yana ƙarami."

Kafin azahar ɗakin ya cika da dangi. Mai gyaran takalma ya zama baffan wani, direban bas ya zama kawun wani, matar da ke sayar wa ɗalibai abinci ta wuce ɗakin mata ta zama uwar 'yan mata biyu da ba su ma san juna ba. Duk wanda ya zo, Sista za ta tsare shi da ido ta yi tambayarta, ya ba da amsa da bakinsa, ta rataya masa kati. Ko sau ɗaya ba ta yi murmushi ba.

Wani saurayi mai gilashi ma ya shigo a matsayin yayan wani ɗalibi, sai aka gan shi yana bin gadaje da waya yana ɗaukar hoton raunuka. Ashe ɗan jarida ne. Mai Gadi ya ɗaga shi ta ƙugun wando ya ajiye shi a waje. Abin ya tsaya wa Mai Guga a rai. Ga shi kuma ya tuna telan layinsu bai zo ba tukuna, mai sayar da katin waya bai zo ba, kuma ya san halinsu sarai. In uba na huɗu da na biyar suka bayyana, haƙurin Sista zai ƙare, a kore su gaba ɗaya.

Ya ja Mai Gadi gefe. "Ɗan'uwa, taimako za ka yi mini. Duk wanda ya sake zuwa ya ce shi ne uban yaron gadon taga, ko ɗan jarida ne ko tela. Kada ka saurare shi. Ko kuka ya yi, ko takarda ya nuna maka."

"Bar ni da su," in ji Mai Gadi, ya buga sandarsa a ƙasa. "Uba ɗaya ake yi."

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Ashe muna da ɗa a jami'a ban sani ba? Yanzu matar Mai Aski take yi mini jaje."

"Zan yi miki bayani."

"Riƙe bayaninka. Yaron yana da rai?"

"Yana tiyata."

Da ta sake magana muryarta ta canza. "To, zauna masa. Na aiko maka da shayi da riga, an ce kamar kai aka yanka. In ya farka ka ce uwarsa tana gaishe shi."

Shayin ya iso, Mai Guga ya zuba wa Mai Gadi kofi cike, suka sha a tsaye kamar tsofaffin aminai. Ta tagar baranda yana hango harabar asibiti. Layin masu ba da jini ya fita har titi, ya lanƙwasa ya bi jikin katanga. Ga ma'aikatan ofis da rigunan aiki, ga 'yan kasuwa, ga wani tsoho da aka ce masa ya tsufa da ba da jini amma ya ƙi barin layin. Mata sun jera kuloli suna raba abinci kyauta, har suna faɗa a kan wadda za ta ciyar da 'yan sanda. Masu motocin haya suna ta sauke mutane, in ka miƙa kuɗi su harare ka.

Can sai wani kuka ya taso daga ƙarshen baranda, kukan mace, irin wanda ba a koyonsa. Ita uwa ce ta gaske, kuma nata ɗan ya rasu, ba ya buƙatar kujera. Mai Fotokwafi ya daina barkwancin da yake yi wa sabon ɗansa, ya riƙe hannun yaron da hannu biyu. Mai Guga ya ji tsoro irin wanda bai ji ba ko lokacin harbin, ya koma ya zauna yana kallon gadon da ba kowa, yana addu'a a zuci.

Aka turo Lauya yana barcin allura, fuskarsa ta yi fayau, robar ƙarin ruwa a hannu. Wani matashin likita ya biyo bayansa.

"Kai ne baban? An cire harsashin, bai taɓa wani wuri mai haɗari ba. Zuwa yamma zai farka. Akwai wani ciwo da ke bin danginku?"

"Ciwon baya," in ji Mai Guga. "Saboda tsayuwa."

Likitan ya dube shi, ya buɗe baki, ya fasa, ya wuce gado na gaba.

Mai Guga ya kama hannun yaron. Yatsun sanyi ƙalau, amma jijiyar tana bugawa. Ya zauna a haka har hannunsa ya yi tsami, bai saki ba.

Bayan la'asar Sista ta tsaya a kansa. "Baban yaro, tashi ka je ka wanke jikinka ka sauya rigar nan. In ya buɗe ido ya gan ka haka, sai ya ɗauka shi ne mai jinya kai ne majinyaci."

"In ya farka ba na nan fa?"

"Da saura. Je ka dawo."

Ya bar wa Mai Fotokwafi amana, ya ce ko gira yaron ya motsa ya ƙwala masa kira. Ya sauka wajen famfon da ke bayan ginin, ya wanke hannu da fuska, ya sa wankakkiyar rigar, ya tura katin ciki don kada ya jiƙe. Wani ya ba shi silifa. Yana dawowa sai ya ga wani dattijo zaune a kan benci a ƙasan matakala, siriri mai gilashi, da jakar tafiya a kan cinya. Doguwar rigarsa mai kyau ce, amma ta yamutse kamar an tauna ta.

Mai Guga zai iya wuce hatsarin mota bai tsaya ba, amma ba zai iya wuce yamutsattsiyar riga ba.

"Sannu, Malam. Daga nesa ko? Wannan yadin ba ya son zaman mota. Da ka yayyafa masa ruwa ka ja shi ta gefe, zai ɗan saki."

Dattijon ya ɗago. "Tun safe nake cikin bas. Rigar ce ƙarshen abin da ya dame ni."

"Naka na ciki?"

"Ɗana. Amma wancan ƙaton ya hana ni shiga. Wai uban yaron yana ciki tun safe."

Mai Guga ya matso kusa. Ya dubi mutumin da kyau. Dogon wuyan nan ya san shi, kullum yana goge kwalar da ke zagaye irinsa. Ya zauna a ƙarshen bencin a hankali.

"Na nuna masa katina, na nuna masa hotonmu tare," dattijon ya ci gaba. "Ya ce ai an gaya masa zan zo da takardu. Har tambayata ya yi wai ina keken ɗinkina! Ni da na yi hedimasta har na yi ritaya, yau ni ake kira tela. Wani ɗan damfara ya shiga ya zauna a kujerata."

"Wataƙila... yana da dalili."

"Ƙarya ba ta da dalili, Malam. Tun da na fara koyarwa nake gaya wa yara haka. Yaro ya fasa taga in yafe masa, amma ya yi mini ƙarya, sai ya kira ubansa. Ni ban taɓa yi ba, ko ta wasa, 'ya'yana ma sun sani. In na kama mutumin nan, sai na ga bayansa a kotu. Ɗana lauya zai zama, shi zai tsaya mini."

"Zai iya kuwa," in ji Mai Guga a raunane. "Akwai gardama."

Hedimasta bai ji shi ba. Ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Da ya sake magana, faɗan ya fita daga muryarsa.

"Ban ma san ko yana da rai ba. Na tambayi kowa, sun ce uba kaɗai ake gaya wa. Uwarsa tana ta kira, na kasa ɗauka. Me zan ce mata?"

Mai Guga ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya san abin da zai biyo baya in ya buɗe baki. Kati ɗaya ne, kujera ɗaya, kuma da zarar ya ce shi ba dangi ba ne, waje zai yi, yaron ya farka bai gan shi ba. Zai iya miƙewa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya haye sama, ya cika alkawarinsa, in ya so daga baya a yi duk wadda za a yi. Ya ma fara miƙewar. Sai wayar Hedimasta ta sake yin ƙara a cikin jaka, dattijon ya zuba wa jakar ido bai taɓa ta ba.

"Ɗauki wayar," in ji Mai Guga. "Ce mata yana da rai. An cire harsashin, bai taɓa wuri mai haɗari ba. Barci yake yi."

"Kai ya aka yi ka sani?"

Mai Guga ya sa hannu cikin riga ya jawo katin.

Hedimasta ya dubi katin, ya dubi mutumin. Bakinsa ya yi ta motsi, kalmomi suna rige-rigen fitowa har suka toshe hanya. A ƙarshe wayar ya ɗauka, ya ce, "Yana da rai," ya saurari kukan da ya biyo baya, ya kashe. Sannan ya miƙe ya ce, "Wuce mu je," da irin muryar da ake kai yaro ofis.

A bakin ƙofa Mai Gadi ya ɗaga sanda. "Tela, ba na ce ka bar nan ba?"

"Bar shi ya shiga," in ji Mai Guga. "Wannan shi ne na gaske."

"Haka duk suke cewa. Kada ka bari ya yaudare ka, tausayi ne ya yi maka yawa."

"Ɗan'uwa, ni ne na ƙaryar."

Mai Gadi ya sauke sandar a hankali. Ransa ya ɓaci sosai. "Shayin da na sha fa? A matsayin na uba na sha shi."

"Shayin na gaske ne."

Suka shiga. Hedimasta ya tafi kai tsaye gadon taga ba tare da an nuna masa ba. Ya tsaya a kan ɗansa, ya ajiye jakar a ƙasa, ya ɗora tafin hannu a goshin yaron. Mai Guga ya cire katin daga wuyansa ya rataya masa, dattijon ko juyowa bai yi ba.

"Wannan kuma uban wa ye?" Mai Fotokwafi ya tambaya daga gado na kusa.

"Na Lauya. Na asali."

"Kai! Ashe akwai." Ya taso ya miƙa wa Hedimasta hannu. "Sannu da hanya, Malam. Ka gode wa Allah, ka gode wa wannan. Da bai toshe cikin yaron nan da zanin mutane ba, da yanzu wani zancen ake yi. Har mota ya bi shi, takalmi wari ɗaya. Yaron yana ta cewa kada ka bar ni, shi kuma ya yi masa alkawari in ya buɗe ido zai gan shi. Tun safe ko fitsari sai da aka kore shi ya je."

"Rufe mana baki," in ji Mai Guga.

Hedimasta ya juyo. "Kai ka yi masa alkawari?"

"Na yi. Amma ba komai, ai ga ka ka zo. In ya farka ka ce masa... ka ce Mai Guga ya daɗe a nan." Ya gyara gefen zanin da ba abin da ya same shi, ya juya zai tafi.

Ya yi karo da Sista. Ta dubi katin a wuyan Hedimasta, ta dubi wuyan Mai Guga da ba komai.

"Me nake gani?"

"Sista, ga uban yaron."

"Na ji. Kai fa? Kai wane ne nasa?"

Baffan aro da kawun aro da sauran iyayen aro kowa ya sunkuyar da kai yana gyara wa ɗansa bargo. Mai Guga ya buɗe baki zai faɗi abin da zai fitar da shi.

"Wana ne," in ji Hedimasta.

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, har mai karaya ya farka.

Sista ta juya gare shi a hankali. "Wanka?"

"Wana."

"Uwa ɗaya uba ɗaya?"

Hedimasta ya gyara gilashinsa. Zufa ta tsattsafo masa a goshi. Ya dubi silin, ya dubi ɗansa.

"Uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce. "Shi ya sa da safe ya ce shi ne uban. A wajenmu duk ɗaya ne."

"To," in ji Sista. "Ni abin da aka faɗa mini da baki shi na sani. Amma katin ɗaya ne, kujerar ma ɗaya. Ku san yadda za ku yi kafin babban likita ya zagayo."

Hedimasta ya ce, "Ni na riƙe katin, Yaya ya riƙe kujerar. Ba zan zauna yana tsaye ba."

Ta wuce. Sai da ta kai ƙarshen ɗakin aka ga ta sa bayan hannu ta toshe baki, wai tari ne ya kama ta.

Mai Guga ya zauna, don ba shi da zaɓi. Hedimasta ya dafa ƙarfen gadon yana numfashi kamar wanda ya sauke buhu.

"Haka ake ji in an yi ƙarya?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ta farko ce mai wuya."

"Uku na yi a jere."

"Na ƙirga. Kana da baiwa, Malam, ka daɗe kana ɓata ta."

Hedimasta ya harare shi ta saman gilashi, amma hararar ba ta yi ƙarfi ba. Ya zagaya ɗaya gefen gadon ya kama hannun ɗansa na dama, Mai Guga ya kama na hagu. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta taga ya kwanta a kan bargon. Daga waje ana jin wata mata tana shelar cewa abinci ya rage, duk wanda bai ci ba ya zo.

Yatsun yaron suka motsa. Girarsa ta tattare, kamar zai fara gardama. Ya buɗe ido da ƙyar, ya lumshe, ya sake buɗewa, suka sauka a kan kujera.

"Baba Mai Guga," ya ce, muryar kamar daga rijiya. "Ba ka tafi ba."

"Ina zan je? Ƙanena ya hana ni."

Lauya ya juya kai a hankali ya bi inda yake nunawa. Ya ga mahaifinsa a tsaye, riga a yamutse, hawaye na bin gefen gilashi, yana gyaɗa kai alamar haka ne. Yaron ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe yana neman inda zai kama zancen.

"Allurar nan da ƙarfi take," ya ce, ya ƙara damƙe hannayen biyu, ya koma barci.